Jan Ƙyalle a Wutsiyar Tansy

Rathnure, Wexford, ƙasar Ailan
Lahadi, ƙarshen Fabrairu

Zuwa ga 'yata Sorcha,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, kuma sanyin Ingila bai kama miki ƙirji kamar bara ba. Mu nan lafiya lau, sai ƙugun babanki da ke ta damunsa. Likita ya hana shi ɗaga dammunan ciyawa, shi kuma ya ce likitan bai taɓa ciyar da saniya ba. Tumaki sun fara haihuwa. Ruwan sama ya ƙi ɗaukewa, filin bayan gida ya zama fadama.

Wasiƙarki ta iso. Tun Kirsimeti ba ki rubuto ba sai yanzu da kike da abin alfahari. Ban haife ki don in riƙa jin labarinki a bakin direban motar shanu ba.

To, na ji. Misis Lydgate, mai zaɓen mahaya, za ta yi wa matasan mahaya horo na yini guda a gonar Coldharbour, kuma cikin waɗanda ta gani ran nan za ta kira masu zuwa gwajin watan Mayu, inda za a zaɓi ƙungiyar yankinku ta babbar gasa. Kin ce an ba ki gurbi, ke da Tansy. Na yi murna. Amma ki tuna goɗiyar nan tawa ce. A hannuna aka haife ta, ni na fara sa mata ragama. Aro na ba ki ita da kika tafi aikin barga wurin Mista Pargeter, ba kyauta ba.

Kada ki cika ta da hatsi jajibirin ranar, kanta zai yi zafi. Ki goge takalmanki. In matar ta yi miki gyara, ki ce na gode, ki rufe bakinki. Na san ki da “amma”. Sannan ki sa wa Tansy jan ƙyallenta a wutsiya tun kafin ki sauke ta daga mota. Kin san halinta, tun tana duƙusa ba ta yarda doki ya tsaya a bayanta. Duk mahayin da aka yi wa tarbiyya, in ya ga ja a wutsiya ya san dabbar tana harbi, sai ya ba ta wuri. Wanda ya san dabbarsa na harbi bai sa ba, alhakin duk abin da ya faru a wuyansa yake.

Ki riƙa zuwa coci. Mista Pargeter ɗaukar ki aiki ya yi, bai sayi Lahadinki ba. Babanki yana gaishe ki.

Mahaifiyarki,
Dympna Kehoe

Bargar Pargeter, Wiltshire
Laraba, farkon Maris

Mama,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Ki ce masa ya ji maganar likita. Ni lafiyata ƙalau, Tansy ma haka. Na fara da wannan ne don kada gabanki ya faɗi, saboda akwai labari mara daɗi.

Ranar ta fara da kyau. Misis Lydgate 'yar ƙaramar mace ce, tana dogara sanda, amma muryarta kamar ta mai gwanjon shanu. Da safe ta sa mu gwajin taku a fili. Ta dube ni ta ce, “Ke 'yar Ailan, hannuwan nan naki shanya kike yi da su ko linzami kike riƙe? Sauke su!” Kowa ya yi dariya. Na ce na gode, na rufe bakina. Da aka koma tsallaken sanduna, Tansy ba ta taɓa ko ɗaya ba. Bayan abincin rana muka fita daji, wurin kututtura da ramuka da kududdufi. Mama, da kin gan ta! Akwai wani gungume a gangare, da an tsallake shi sai cikin ruwa. Dawakan da ke gabanmu suka turje, wani ma ya zubar da mahayinsa. Tansy ta miƙe kunnuwa ta faɗa kamar agwagwa, ta fita ta ɗaya gefen ba ta canja taku ba. Misis Lydgate ta ce, “Wa ya yi kiwon goɗiyar nan?” Na ce mahaifiyata. Ta ce, “To ki gaya mata ta san abin da take yi.”

Da aka tashi, muka taru a bakin wata 'yar ƙofa ta komawa wurin motoci, ana fita ɗaya bayan ɗaya. Wata yarinya mai suna Imogen Harbottle ta taho ta bayanmu a kan dokinta Jasper, tana hira da wata, ba ta kallon gabanta. Ban ankara ba sai na ji Tansy ta ɗaga ƙafafu biyu. Ƙarar da na ji kamar an karya busasshen reshe. Jasper ya tsaya da ƙafa uku. Likitan dabbobi ya ce ƙashin ƙafar gaba ya tsage. Zai warke, amma ba shi ba gasa a bana. Kuma bana ce shekarar Imogen ta ƙarshe a sahun matasa.

Uwarta ta taho da gudu cikin taɓo tana ihu, “Ina jan ƙyallen? Kin san dabbarki na harbi, kika shigo da ita cikin 'ya'yan mutane haka nan?” Kowa ya duba. Babu ƙyalle a wutsiyar a lokacin, Mama. Misis Lydgate ta tambaye ni, na kasa magana. Sai wani mutum ya ce ƙila a ruwa ya faɗi. Ta ce za ta yi tunani kafin ta yanke ko za ta kira ni gwajin Mayu.

Ba na iya cin abinci sosai. Ki yi mini addu'a.

'Yarki,
Sorcha

Rathnure
Litinin, Maris

Sorcha,

Ina fata kina lafiya, kuma kin koma cin abinci, don yunwa ba ta taɓa gyara komai ba. Babanki da sauƙi. Tunkiya ɗaya ta mutu ta bar mana 'ya'ya biyu, suna kwali kusa da murhu.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, raina ya ɓaci har na ƙona biredi. Wace irin mata ce wannan da za ta tsaya a bainar jama'a tana yi wa 'yar mutane ihu? Ita wa ya koya wa 'yarta ta cusa hancin doki a gindin dabbar da ba ta sani ba? Da ƙyalle ko ba ƙyalle, ana barin tsawon doki guda tsakani. Yaran da ke hawan jakuna a nan ma sun san haka. Amma an saya wa yarinya doki mai tsada, an manta ba a saya mata hankali ba. Ina tausayin dabbar, ita ba ta yi laifin komai ba.

Ke ma ba ki fita ba. Sau nawa na nuna miki? Kitsa ƙyallen ake yi cikin gashin, a ɗinke da allura da zare. Ba ɗaure shi ake yi kamar ƙunshin alewa ba. Kin yi sauri, kin ɗaure shi sako-sako, ruwa ya tafi da shi. Ga abin da ganganci ya jawo. Amma ganganci daban, mugunta daban, kuma ba zan zauna a shafa wa gidan nan baƙin fenti ba.

Saboda haka na rubuta wa Misis Lydgate, ta hannun masu gonar Coldharbour. Babanki ya ce, “Dympna, ki bari yarinyar ta yi bayani tukuna mana.” Na ce, “Wane bayani? Ba ka iya karatu ba ne? A ruwa ya faɗi.” Ya ce, “Wani mutum ne ya ce a ruwa ya faɗi.” Na ce masa ya je ya duba tumakinsa.

Na gaya wa matar ni ce Dympna Kehoe, wadda ta yi kiwon goɗiyar da ta yaba. Na ce tun kafin a haife ki nake sayar da dawakai, ban taɓa miƙa wa mutum gurgu na ce lafiyayye ba, kuma duk dillalan Wexford shaida ne. Na ce 'yata ba ta taɓa fitar da Tansy cikin dawakai ba jan ƙyalle ba, na kuma sa sunana a kan haka. In ta hana ki gwajin Mayu saboda ihun mai kuɗi, to Allah na kallon ta.

Jiya a ƙofar coci maƙwabciyarmu Misis Furlong ta tare ni, wai ta ji an samu matsala a Ingila. Ban san wa ya kai mata ba. Na ba ta labarin yadda yake, a gaban limamin cocinmu Fada Devereux, da murya mai ƙarfi, don kada ta ƙara masa gishiri.

Maganar da Misis Lydgate ta faɗa a kan kiwo kuwa, gaskiya ta faɗa, ba alfarma ta yi mini ba.

Ki ɗaga kanki. Ba ki yi abin kunya ba.

Mahaifiyarki,
Dympna Kehoe

Rathnure
Juma'a, ƙarshen Maris

Sorcha,

Muna lafiya. Ina fata ke ma haka, ko da yake ba ni da hanyar sani.

Kullum sai na tsaya a bakin hanya na jira mai kawo wasiƙu, har ya fara ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Na buga waya gidan Pargeter, matarsa ta ce kin fita da dawakai. Na sake bugawa, ta ce kina wanka. Tun yaushe kika zama mai yawan wanka haka?

Na tsaya miki a gaban baƙi da 'yan gari. Ban ce ki gode mini ba, amma 'yar da aka yi wa tarbiyya takan ce ta ga saƙo. In ba ki da lafiya ki faɗa. In matar nan ta hana ki gwajin ki faɗa, in san abin da zan yi. Shirun nan rashin kunya ne.

Mahaifiyarki,
Dympna Kehoe

Bargar Pargeter
Talata, farkon Afrilu

Mama,

Ina gaishe ku. Lafiyata ƙalau. Ba wanka nake yi ba, ina tsaye kusa da Misis Pargeter ina yi mata alama da hannu.

Misis Lydgate ta samu wasiƙarki. Ta buga wa Mista Pargeter waya, ta ce matar da ta rubuta wannan ba ta san ƙarya ba. Ta kira ni gwajin Mayu, ni da Tansy. Yanzu duk inda mahaya suka haɗu cewa ake yi laifin Imogen ne, ita ta matso.

Mama, ƙyallen bai faɗi a ruwa ba. Tun da asuba na kitsa shi, na ɗinke da allura kamar yadda kika koya mini. Ko ruwan teku ba zai cire shi ba. Da muka isa Coldharbour, wata abokiyar aikina da ta rako ni ta dubi wutsiyar ta ce, “Za ki shiga gaban mai zaɓe da tuta a gindin dabbarki? Ƙungiya mota ɗaya take shiga, dawakai a jere. Wa zai ɗauki mai harbi?” Na duba wurin, ban ga ja a wutsiyar kowa ba. Na ɗauki almakashi na yanke zaren. Na ce a raina zan riƙa tsayawa a bayan kowa, ba wanda zai zo bayanmu. Haka na yi yini guda, sai a bakin ƙofar nan.

Ban yi wa kowa ƙarya da bakina ba. Mutumin nan ne ya ce ruwa, ni dai na yi shiru. A wasiƙata ma ban ce miki ya faɗi ba. Ban taɓa zaton za ki rubuta mata ba.

Ki saurare ni kafin ki yi fushi. Imogen ma da laifinta, ke da kanki kika faɗa. In na yi magana yanzu, ƙashin Jasper ba zai haɗe da wuri ba saboda haka. Sai dai a rasa mahaya biyu maimakon ɗaya, kuma Tansy ta rasa damar da kika yi shekaru kina shirya mata. Ki bar ni in hau gwajin. Bayan nan zan je in faɗa, na yi alkawari. Tun ina ƙarama nake kwashe kashin dawakai ina jiran irin wannan rana.

Don Allah, Mama.

Sorcha

Rathnure
Asabar, Afrilu

Sorcha,

Babanki yana lafiya. Ni ban san abin da zan ce game da kaina ba.

A tsaye na karanta wasiƙarki. Da na gama na fita na share bargar da ba ta buƙatar shara, don kada in rubuta miki abin da uwa ba ta faɗa wa 'yarta.

Ba ki yi ƙarya da bakinki ba. Haka ne. Da bakina kika yi ta. Kin bar ni na ɗauki sunan da na yi shekaru ina tsarewa, na kai shi Ingila na jingina a kan abin da kika san babu shi. Sannan kika ɓuya a bayan matar Pargeter kina alama da hannu kamar ɓarauniyar kaji. Wannan wayon na “ban ce ba, shiru na yi” ki ajiye wa lauyoyi. A gidan nan, wanda ya ga an ɗora wa wani kayansa ya yi shiru, maƙaryaci ne.

Kuma ki daina jawo yarinyar nan cikin laifinki. Ta matso, ƙwarai. Amma ƙyallen saboda masu matsowa aka yi shi. Mai hankali ba ya buƙatar sa. An yi shi ne domin mai hira, da mai mantuwa, da wanda dokinsa ya fi ƙarfinsa. Kin san akwai su a wurin, kika cire, don wata mata mai sanda ta ga dabbarki ba aibi. Kin zaɓi a yaba miki, kika bar ƙafar dabbar wani ta biya.

Na je wurin Fada Devereux na gaya masa abin da na faɗa a gabansa ba haka yake ba. Na je gidan Misis Furlong ma. Ta zuba mini shayi tana cewa, “Ayya, Dympna, 'ya'yan yanzu sai addu'a,” fuskarta kuwa kamar an yi mata albishir. Na shanye shayin nan har ƙasa. In ni na iya, ke ma za ki iya.

Ga abin da za a yi. Ba zan rubuta wa Misis Lydgate ba, ke za ki je da ƙafarki. Ba bayan gwaji ba, yanzu. Gaskiyar da ake faɗa bayan an cinye ribar ƙarya ba gaskiya ba ce, ciniki ne. Daga nan ki wuce gidan yarinyar, ki faɗa mata a gaban uwarta. Kuma kada ki je musu da “ku yi haƙuri” kawai. Abin da kika ɓata ki nemi yadda za ki gyara shi.

Dinny Roche zai haye Ingila da motar shanunsa a jirgin ruwan Rosslare bayan Ista, kuma wayam zai dawo. Na riga na yi masa magana. In ban ji kin yi abin da na ce ba, zai tsaya a bargar Pargeter ya ɗauko mini goɗiyata. Gara ta tsufa a filin bayan gida tana cin ciyawa da a ce ta ci gasa da ƙarya a bayanta.

Babanki ya ce in gaya miki yana ƙaunarki. Na ce masa ba wannan ake tambaya ba.

Mahaifiyarki,
Dympna Kehoe

Bargar Pargeter
Alhamis, makon Ista

Mama,

Barkanku da Ista. Ina fata kuna lafiya. Ni ma lafiya, na fi yadda nake a da.

Na je. Na samu Misis Lydgate a filinta tana koyar da wani. Na jira ta gama, na faɗa mata a tsaye. Ta ce, “Wawiya. Da kin bar ƙyallen nan da ke zan fara kira. Dawakan da suka fi kai ni nesa duk masu harbi ne. Mai harbi a ƙarshen mota ake sa shi, a sa katako a tsakani, shi ke nan. Mahayin da ke ɓoye mini abu ne ban san inda zan sa shi ba.” Ta ce ba ni ba gwaji bana. Ta ce in gaida ke, wai ba ta canja ra'ayi a kan wasiƙarki ba, a kan 'yarki ta canja.

Daga nan na wuce gidan su Imogen. Na same ta a barga. An ɗaure Jasper ta gefe biyu don kada ya kwanta ƙashin ya ƙarasa karyewa, haka yake tsaye tun ranar. Ita ke ba shi ciyawa da hannu. Na sa aka kira uwarta, na faɗa musu. Uwar ta nuna mini ƙofa. Imogen ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, “Duk makonnin nan ina kwana ina tashi da cewa ni na karya shi.”

Na kai ƙofa na dawo. Na ce wa Imogen ta hau Tansy a gwajin. Ta ce, “Dabbar da ta karya mini doki za ki ba ni? Kanki ɗaya kuwa?” Na ce ita kaɗai gare ni, kuma ita ma ba tawa ba ce. Uwar ta ce ba sa karɓar sadaka. Na tafi.

Washegari sai ga Imogen a bargarmu da sirdinta a hannu. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, “Ina muguwar?” Ta hau ta. Mama, ba na son faɗa, amma ta iya. Hannunta ya fi nawa laushi. Misis Lydgate ta ce in suka yi ƙaramar gasa ɗaya tare suka gama lafiya, za ta karɓe su a gwajin Mayu, amma sai mai goɗiyar ta yarda da bakinta.

Kin ce in gyara abin da na ɓata. Ba zan iya haɗa ƙashi ba. Shekararta ta ƙarshe na ɗauke mata, wannan ce kaɗai hanyar da na gani ta mayar mata. In kin ƙi, Dinny ya zo, zan loda Tansy da hannuna.

'Yarki,
Sorcha

Rathnure
Talata, bayan Ista

Sorcha,

Mun yi Ista lafiya. Rana ta fito, an fitar da shanu. Ina fata kina lafiya.

Na ce ki gyara abin da kika ɓata. Ban ce ki yi kyauta da kayan mutane ba. Wa ya ba ki izinin ɗora wata a kan goɗiyata kafin ki tambaye ni? Da ta jefar da ita fa? Kullum sai kin aikata sannan ki rubuto. Kuma ba kowa ba sai 'yar matar da ta yi miki ihu a bainar jama'a, ta nuna miki ƙofa kamar mai talla.

Na karanta wa babanki wasiƙar. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “Shekara da shekaru kina mata wa'azi, yau ta haddace, kuma kina fushi?” Na ce, “Wa'azina ban haɗa da goɗiyata ba.” Ya ce, “To rubuta mata haka mu gani.” Na ɗauki alƙalami. Ban iya rubutawa ba, kuma wannan ya ƙara ba ni haushi.

Dinny ya zo da safe yana tambaya ko ya tsaya a Wiltshire. Na ce ya wuce abinsa.

Na yarda. Yau zan buga wa Misis Lydgate waya in faɗa mata da bakina, in kuma janye abin da na rubuta mata, don wannan nawa ne ba naki ba. Amma ki ji sharaɗina. Tansy ba za ta kwana a bargar su Harbottle ba, tana nan wurin Pargeter. Ke za ki ciyar da ita, ke za ki wanke ta, ke za ki ɗaura mata sirdi ki riƙe wa yarinyar likkafa ta hau. Ki gaya mata kada ta ja bakinta a gaban rami, ta zauna kawai ta bar ta ta duba. Ki gaya mata ba ta son bulala a kafaɗa. Duk abin da kika sani game da goɗiyar nan ki faɗa mata, kada ki rage ko ɗaya don ki ga ta gaza. Zan sani in kin rage.

Hannunta ya fi naki laushi, kika ce. To ki buɗe ido ki koya.

Kada ki ɗauka na huce. Ban huce ba. Na yi shekaru ina ganin ranar da za a kira sunan goɗiyata da na 'yata tare a lasifika, kika sa almakashi kika raba su. Wannan ba zai wuce mini da wuri ba.

Zan zo gwajin. Ki nemo mini ɗaki mai tsabta kusa da wurin, ba zan kwana a motar dawakai ba. Zan tsaya a bakin igiya in kalli 'yar wasu a kan Tansy. Ke kuma ki tsaya kusa da ni da bokitinki a hannu, mu kalla tare har ta tsallake na ƙarshe. Ba wadda za ta kau da kai a cikinmu.

Mahaifiyarki,
Dympna Kehoe